Goyon da Wendell Ya Ɗauko a Bakin Tafki

Kwaso akwatunanmu kawai muka fita yi, ni da mijina Wendell, da yammacin Lahadin da ta biyo bayan bikin Halowin, bikin nan na ƙarshen Oktoba da yara ke yin shigar dodanni. Aiki ne da muke yi duk shekara. Na zuba ruwan tuffa mai zafi a filas, na ƙunsa mana donat masu kirfa, shi kuma ya ɓata mana lokaci wajen zaɓen takalmi kamar wanda za shi ɗaurin aure. Shi ya sa ba mu isa bakin tafki ba sai da rana ta yi sanyi.

Mu 'yan farautar akwati ne. Mutum ya sassaƙa hatimi a jikin roba da hannunsa, ya sa shi a ɗan akwatin da ruwa ba ya shiga tare da ƙaramin littafi, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sannan ya rubuta kwatancen wurin ya sa a intanet. Wanda ya bi kwatancen ya gano, sai ya buga hatiminsa a littafin akwatin, ya buga na akwatin a nasa littafin, ya mayar da komai yadda ya tarar. Shi ke nan wasan. Manya da furfurarsu suna rarrafe cikin ganye saboda guntun roba, kuma ni ce uwar tafiyarsu a garinmu.

Duk watan Oktoba mu biyu muke shirya farautar Halowin a wurin shaƙatawar da ke gefen tafkin. Ni ke sassaƙa hatiman: kabewa mai haƙora, jemage, mayya bisa tsintsiya, baƙar kyanwa. Shi ke rubuta kwatance, don shi ne sarkin bin ƙa'ida. Wendell ya yi aikin raba wasiƙu har ya yi ritaya, kuma idan ya ga an mayar da akwati a karkace, to ranar ba ni da sauran kunne. A daji ana kirana Mujiya, shi kuma Kunkuru, sunan da ni na laƙaba masa saboda gwiwoyinsa.

Muka bi hanyar da ta zagaye tafkin muna tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Ganyaye sun zube, ƙasa ta yi ja da rawaya, iska na kawo ƙamshin hayaƙin itace daga gidajen da ke can tsallake. Agwagin daji sun cika ruwan da surutu.

"Ka ɗaga ƙafa, tsoho," na ce. "Duhu zai same mu."

"Ke dai riƙe filas ɗinki, Noreen. Wanda ya ɗauki kaya shi ke da ikon gudu."

"Kaya? Robobi goma ne kaya?"

"To zo ki karɓa mana."

Ban karɓa ba. Na miƙa masa donat, ya ci yana tafe, sukari duk ya ɓata masa gemu.

Na ƙarshe shi ne na baƙar kyanwa. Yana can inda ƙasa ta yi tsini ta shiga ruwa, ƙarƙashin wani faffaɗan dutse a bayan bishiyar da ta faɗi. Lokacin da muka isa rana ta riga ta shige bayan tudu, sai ɗan jan da ta bari a saman ruwa. Wendell ya durƙusa da ƙyar, ya zaro akwatin, ya buɗe.

"A'a," ya ce, murna fal a muryarsa. "Mun yi baƙo."

Ɗan-rage-hanya muke ce wa irinsa. Ƙaramin hatimi ne da ba shi da akwatin kansa, sai dai ya raɓe a na wasu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk wanda ya buɗe ya gan shi, shi zai ɗauka ya kai shi wani akwatin. Ba a tsallake shi, ba a kuma ajiye shi a gida. A haka wasunsu ke ƙetare ƙasa guda daga hannu zuwa hannu, kuma samunsu sa'a ce a wurinmu.

Wannan dai bai kwanta mini ba. An saba sa su a leda da ɗan littafinsu, shi kuwa a tsumma aka naɗe shi. Tsumman jiƙe yake sharkaf, alhali cikin akwatin a bushe yake ƙayau.

Wendell ya warware. Na haska masa tocila.

Hoton mutum ne aka sassaƙa, ya miƙo hannuwansa biyu sama, yadda yaro ke yi idan yana so a ɗauke shi. Wurin fuskar an bar shi sumul.

"Bar shi nan," na ce.

"In bar shi ina? Akwatin ma da shi za mu tafi."

"To ajiye shi a kan dutsen."

"Haba, Noreen. Wani ya zauna ya sassaƙa abinsa, ya amince da mu."

Ya ciro littafinsa. Bai kai ga buɗe tawada ba, ya dai ɗora hatimin a takarda don ya gwada girmansa, sai ga hoton ya fito tsaf, ruwan ƙasa, da ɗanshinsa. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya yi wata 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya naɗe abin ya jefa a aljihun rigar sanyinsa.

Agwagin suka yi shiru.

Ba tashi suka yi ba. Ina ganinsu a kan ruwa, baƙi-baƙi, ba mai motsi.

Muka kama hanyar mota. Akwai tafiya, don mun kai ƙarshen tafkin, sai mun sake zagayowa ta ƙaramar gadar katako. Ina gaba, yana baya. Ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafata, ƙaras, ƙaras. Nasa takun kuma na ji ya canza. Ya yi nauyi, yana nutsewa, kamar mai tafiya a laka.

"Wendell?"

"Ina nan. Jakar ce."

Na koma na karɓi jakar. Ba ta da nauyin komai. Na rataya ta, na juyo, sai na ga har yanzu a sunkuye yake, hannuwansa a kan gwiwa.

Wari ya buge ni. Warin ƙasan tafki, irin na lokacin da aka jawo angar jirgin ruwa ta fito da baƙar laka da ruɓaɓɓen ganye.

Na haska shi.

Rigarsa ta jiƙe a wuri huɗu. Layi biyu sun sauko ta kafaɗunsa sun haɗe a ƙirji. Wasu biyu sun zagayo ƙugunsa. Na haifi 'ya'ya na rena, na san yadda yaro ke maƙalewa a bayan mutum.

"Noreen," ya ce a hankali. "Akwai wani a bayana?"

"Ba kowa."

"To wa ke numfashi a kunnena?"

Na cusa hannu a aljihunsa, na fizgo tsumman, na wurga shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji faɗuwarsa a ruwa, ɓulum.

Wendell ya yi wani irin kakari. Layukan nan biyu suka haura daga ƙirjinsa zuwa wuya. Ya kai hannu yana yaƙushin maƙogwaronsa, idanunsa suka firfito.

Aljihun ya fara ɗiga.

Na taɓa. Yana ciki.

Wuyan ya ɗan saki, ya ja iska da ƙyar. Na zagaya bayansa, na kai hannu zan kama ko mene ne in ɓamɓare. Hannuna bai kai rigarsa ba. Ya tsaya a kan wani abu mai sanyi da santsi, abin da idona ba ya gani. Ina taɓa shi ya motsa, ya gyara zama, ya ƙara haurawa sama.

Gwiwoyin Wendell suka kai ƙasa.

Na ciro waya. A wannan gefen tafkin ba a taɓa samun layi ba, na sani, amma sai da na danna. Na yi ihu. Muryata ta tafi kan ruwa ba ta dawo ba. Na kama Addu'ar Ubangiji, na kai tsakiya na rasa inda nake.

"Akwati," Wendell ya ce cikin raɗa. "Akwati yake so."

Na zazzage jakar a ƙasa, na buɗe na kabewa, na tura tsumman ciki, na danne murfin da tafin hannu biyu.

Aljihun ya ci gaba da ɗiga.

"Ba haka ba." Kowace kalma sai ya nemo ta. "Akwatin nan, a hannunki roba ce kawai. Sai kin mayar da shi wurinsa. Inda kwatance ya ce."

Ko a bakin mutuwa mutumin nan ƙa'ida yake karanta mini, kuma gaskiyarsa ce. Mafi kusa da mu shi ne wurin jemage, kogon wata tsohuwar bishiya a gindin gadar katako. Na ɗauki akwatin jemage, na sake zaro tsumman daga aljihunsa, na ruga. Na faɗi, na tashi. Na sa abin a ciki, na rufe, na cusa akwatin a kogon, na jera ɓawon itace a bakinsa yadda muke yi.

Na tsaya ina sauraro.

Can na ji tari. Sai takun ƙafa mara nauyi.

Wendell ya ɓullo daga duhu a miƙe, yana shafa wuya. Na rungume shi, na lalube bayansa tun daga ƙeya har ƙugu. Riga ce kawai da ƙashin bayan tsoho. Kuka ya ƙwace mini.

"Mu tafi," na ce. "Kada ka waiwaya."

Muka haye gadar, muka bar sauran akwatunan a warwatse. Mun fara hango fitilar wurin ajiye motoci ta tsakanin itatuwa ke nan, sai ga hasken tocila biyu suna tahowa, da muryar yarinya tana karanta kwatancen da Wendell ya rubuta, tana jan kowace kalma.

"Ka... haye... gada... ka... nemi... bishiyar... da... ta... buɗe... baki..."

Wata matashiyar mace ce da 'yarta. Yarinyar ba ta wuce shekara shida ba, an sa mata rigar ƙudan zuma, fukafukan na rawa a bayanta.

"Kai! Ku ne Mujiya da Kunkuru, ko?" in ji uwar. "Na gan ku ranar buɗe farautar. Ku yi haƙuri mun makara. Josie ce ta kwanta zazzaɓi, bikin gaba ɗaya ya wuce ta, na yi mata alkawarin za mu ƙarasa. Jemage kaɗai ya rage mana."

"An gama," na ce da sauri. "Mun kwashe duka. Ku koma, duhu ya yi."

"Ayya. Josie, kin ji, sun..."

Ta juya. Yarinyar ba ta nan.

Ɗan haskenta na can yana tsalle a kan gada. Takalmanta na buga katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Wendell ya motsa. Na cafke hannun rigarsa da hannu biyu.

"Kada ka je," na ce masa a kunne. "Don Allah, Wendell. Don Allah."

Na ji tsoron abin, amma tsoron rasa shi ya fi. A lokacin ban ga yarinya ba, ban ga uwarta ba, mijina kawai na gani.

Ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya zare hannunsa daga cikin rigar, ya bar ni riƙe da ita.

Rabon da in ga Wendell yana gudu tun yaranmu na ƙanana. Ya yi gudu ranar, yana ɗingishi, yana haki. Na bi shi da rigar a hannu, uwar na bayana tana tambayar ko lafiya.

Mun iske yarinyar a durƙushe, ta ture ɓawon itacen, hannunta ya shige kogon har gwiwar hannu.

"Tsaya, 'yar zuma!" Wendell ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Akwai rina a ciki. Bari in ciro miki."

Ta janye hannu da sauri.

Ya ciro akwatin. Ya juya mata baya. Na ji murfin ya buɗe.

Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar an aza masa buhu. Ya dafa bishiyar. Rigar cikinsa mai launin toka ta fara yin baƙi a wuri huɗu.

Sai na ji muryar. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba. Siririya ce, tana da ruwa-ruwa, kuma daɗi take ji.

"Ka dawo."

Wendell ya juyo ya miƙa wa yarinyar hatimin jemage. Sai da ya riƙe mata tocila ta shafa tawada, ta buga a littafinta, ta buga nata a na akwatin. Ta ɗaga littafin tana nuna wa uwarta. Sannan ta tsaya tana kallon saman kafaɗarsa.

"Baba tsoho, wa ka goya?"

"Josie, bar shirme," in ji uwar. "Ce musu kin gode."

"Mama, me ya sa ba shi da fuska?"

"Ku tafi," na ce wa matar. "Ɗauke ta ku tafi yanzu."

Ban san me ta gani a idona ba. Ta sunkuci 'yarta, ta juya, haskensu ya yi nisa.

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa. Sanyin abin na taɓa mini kunci. Muna tafe, muna tsayawa. Sau da yawa ya durƙushe, in ɗaga shi, ya sake durƙushewa. A bayanmu na ji agwagin sun tashi gaba ɗaya, fukafukansu na dukan ruwa.

"Mu mayar da shi," na ce. "Sun tafi. Mu mayar."

"Gobe wani zai zo."

"To ina ruwanmu!"

Ya ci gaba da jan ƙafa.

Da muka kai mota na buɗe masa ƙofa, ya zauna. Bayansa bai taɓa kujerar ba. Akwai tazara tsakaninsu, kuma kujerar ta lotsa.

Na tuƙa mu gida ina kuka, shi yana kife a kan gwiwoyinsa, gilashin motar na yin raɓa ta ciki.

Likitoci sun ɗauki hoton bayansa ta ko'ina. Suka ce tsufa ne, ƙashi ya gaji, suka ba shi ƙwayoyi. Fastonmu ya zo ya ɗora masa hannu zai yi addu'a, ya janye hannun, ya ƙarasa addu'ar daga bakin ƙofa. Ko aljani ne ko fatalwa, ba wanda ya iya gaya mini.

Ni kuwa ba abin da ban gwada ba. Na jefa shi a murhu. Na binne shi cikin siminti. Na tuƙa mota zuwa dajin da ba na jin an taɓa taka shi, na ɓoye shi a akwati mai kyau, ban rubuta kwatance ba. Kafin in dawo gida aljihun Wendell na ɗiga. A hankali muka gane halinsa: ba ya zama sai a akwatin da wani zai zo ya ɗauka.

Na roƙe shi. Na yi masa faɗa, na yi masa gaba, na kawo masa sunayen mutanen da nake ganin duniya ba za ta yi asararsu ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce in miƙo masa shayinsa. Mutumin da bai taɓa karya ƙa'idar wasan nan ba, yau shi ne ya ajiye ɗan-rage-hanya a gida, kuma ya ce ba zai fita ba.

Na cire duk kwatancenmu daga intanet. Ban ƙara sassaƙa komai ba.

Yanzu Wendell ba ya iya ganin fuskata sai na durƙusa. A kife yake kwana. Ina canza zanin gado kowace safiya, ɗakin kuma warin laka yake yi ko na wanke shi da me. Abin ƙara nauyi yake, shi kuma yana ƙarewa. Ina zaune kusa da shi, ina da hannu biyu lafiyayyu, ba abin da zan iya sauke masa.

Kwanan baya ina aske masa gemu ya riƙe mini hannu.

"Noreen, idan lokacin ya yi, ki sa shi a akwatin gawata. A aljihun kwat. Kada ki gaya wa kowa."

"Daina wannan magana."

"Ki yi mini alkawari. A can ba mai zuwa ya buɗe."

"Idan ya ƙi zama fa?"

"Zai zauna," ya ce. "Ya saba da ni."

Na yi masa alkawari. Ya saki hannuna, ya lumshe ido, har da ɗan murmushinsa, na ƙarasa askin.

Ni ma na san zai zauna, sai dai ba don sabo ba. Akwatin gawa ba ya kai kansa maƙabarta, sai an ɗauke shi a kafaɗa, kuma a danginmu 'ya'yan mamaci ne ke riƙe gaba. Muna da biyu, Curtis da Glenn. Ban gaya wa Wendell ba.